Maɓallin Murya da Ka Aiko

Unguwar Mamuda,
Ta Faskari,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Abdulgafar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hamida da yara. Allah ya ƙara buɗi a kasuwa, ya kare ku daga ruwan Legas da hayaƙinta. Mu nan alhamdulillahi. Inna na nan da ciwon gwiwarta, bai ƙaru ba bai ragu ba. Damina ta yi kyau, masara ta nuna, dawa ta fid da kai, har akuyar nan mai taurin kai ta haifi biyu. In ka ga layin rubutuna yana hawa yana sauka, a kan cinya nake yi, kuma maƙwabcinmu Baba Rabo na zaune a bakin ƙofar ɗaki yana yi mini magana tun da na ɗauki biro. Yanzu haka yana cewa wai a sauran gidaje karatun jami'a ƙara wa mutum hankali yake yi, a namu ne kawai yake ragewa. Ina cewa to Baba, ina ci gaba da rubutu. Ya ɗauka darasin ɗalibaina nake shiryawa.

Na san za ka ce me ya kawo takarda a zamanin waya. Ka manta yadda ake waya a nan. Sabis sai a kan tudun bayan firamare, kuma duk mai magana can yake hawa, kowa ya ɗaga hannu sama, kowa na jin na kowa. Akwai waɗanda kullum suna kan tudun nan, ba a taɓa ganin waya a kunnensu ba. Shi ya sa ranar da ka tambayi autanmu Uwais ya kiɗa, ya ce maka amfi ta lalace, ya yi shiru. Kai ka ji ƙorafi. Mu da ke nan mun san godiya yake yi wa Allah.

Bari in faro maka daga farko. Amfilifayar nan mai jar fuska da ka saya masa tare da jita, ita ce ta faɗo daga bayan babur a farkon damina, yana dawowa daga biki a Ketare. Ba ta fashe ba. Maɓallin murya ne kawai, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage, ya daki dutse ya karye daga gindi, ya bar ɗan guntun ƙarfe kamar haƙorin da ya ɓalle. Kuma a ƙasa ya tsaya. In an kunna sai ka ji jitar can ciki kamar sauro a tulu. Uwais ya yi baƙin ciki kamar an yi masa rasuwa, ya gwada filaya, ya gwada gam, ya gwada zagi, ba wanda ya yi aiki.

Ana cikin haka aka kawo goro. Ka san Almu mai babur, wanda ke kai wa mutanen daji burodi da lemo, ya dawo mana da saƙonsu. Ba wanda ya naɗa shi, amma tun da aka yi sulhun nan shi ne jakada. Ya yi sallama da hantsi, Uwais na gona, ya miƙo goro a ganye ya ce na mai jita ne. Inna ta ɗauka irin gayyatar da aka saba ce, suna ko ɗaurin aure. Ka san Inna da goro, fari ne tas, na gani na faɗa. Ta ɓare ɗaya ta jefa a baki, ta aika wa maƙwabciyarmu Mero da biyu, sannan ta tambayi bikin wa ake yi. Almu ya ce maigidan daji ne zai aurar da ƙanensa, ya taɓa ganin Uwais a wani biki, kiɗan ya yi masa, yana so ya zo da jitarsa da akwatin nan mai jar fuska. Inna ta ce tana jin haka ta so ta tofar da goron. Amma an riga an ci. Goron da bai taɓu ba ana iya mayar da shi da ban haƙuri. Wanda aka tauna, har maƙwabta suka samu, an amsa gayya ke nan, kuma Almu ya tsaya ya ga bakinta ya yi ja kafin ya tada babur.

Ba sai na gaya maka abin da zuwa can yake nufi ba, amma kai ka daɗe a birni, bari in tuna maka. Akwai mai kalangun nan na wajen Pauwa da aka ce ya je ya yi musu wasan kwana biyu. Sai bayan kaka ya dawo, ya sayar da kalangun, yanzu in an gaishe shi sai ya kalli ƙasa. Akwai wani kuma da ya je ya dawo lafiya lau, har da kyautar rago, sai 'yan sa-kai suka zo tambayarsa me ya gani, wa ya yi wa kirari, me ya sa aka ba shi rago. Shi har yau ana jiran ya dawo daga amsa tambayar. To ka gani. In ya je, wataƙila su sake shi. In sun sake shi, akwai masu jiransa a gida.

Da Almu ya dawo jin rana, Uwais ya fito da amfi zaure ya ce ga ta nan, ta mutu. Almu ya kama guntun ƙarfen da farce ya murɗa, ya kara kunne, ya ji sauron nan. Ya kai labari. Amsar da ta dawo ita ce ba komai, ba a gaggawa, bikin sai ruwa ya ɗauke, a gyara. Kada ka tambaye ni me ya hana mutanen da ke hawa sababbin babura sayen amfi ɗaya. Wanda ya saba a kawo masa ba ya zuwa kasuwa, kuma ina ganin jiran ma daɗi yake musu. Mu dai muka samu abin fakewa. Mai gyaran rediyon garin nan ya yi ƙaura zuwa Funtua tun bara, ba a samun irin maɓallin a Faskari ko Kankara, hanya kuma ka san yadda take. Tun daga ranar ba wani abu mai daraja a gidan nan kamar karyayyen maɓallin. Inna ta lulluɓe amfi da zanenta na Makka ta tura ƙarƙashin gado. Duk sanda Almu ya leƙo a fito da ita a nuna masa, kamar mara lafiyar da ake fatan kada ya warke.

Sai ga saƙonka. Yaya, Allah ya saka maka da alheri, kuma da gaske nake. Ka ji ƙanenka ba shi da abin sana'a, ka shiga kasuwa ka nemo masa, ba ma ɗaya ba, har da na ajiya ko da wani zai ƙi, ka haɗo da dalma da ƙaramin sukundireba. Ba abin da ka manta, sai dai wanda ka ba. Zailani direba mutum ne mai amana, shi ya sa kowa ke ba shi saƙo, kuma amanarsa ita ce ba ya miƙa kaya a ɓoye. Sai a gaban shaidu, don kada gobe a ce bai kawo ba. Ranar kasuwar Sabuwa, tasha cike, ya hau kan ƙofar motarsa ya ɗaga ledar sama yana kiran ina 'yan Unguwar Mamuda, ina 'yan gidan mai jita, ga kayan gyaran amfi daga Legas, Alhaji Abdulgafar ya ce a gaya wa Uwais kiɗa ya tashi. Mero ce ta karɓa. Ta ce da ta waiga, Almu na jingine da baburinsa yana shan rake, har ya ɗaga mata hannu.

Ledar ba ta iso gida ba sai da labarinta ya riga ta. Washegari dattawa suka cika zaure, Baba Rabo a gaba. Maganarsa, wadda har yanzu yake maimaita mini daga bakin ƙofa, ita ce gari ba na gidanmu kaɗai ba ne. Masara ta nuna, ba mai iya shiga gonakin gefen daji ya karya sai da yardarsu, bara an ga abin da ya faru da waɗanda suka girbe ba izini. Yaro ya je ya kaɗa musu wayoyinsa ya dawo, mene ne a ciki, ai ba yanka shi za su yi ba, masu biki ne. Na so in tambaye shi ko zai raka shi, tunda biki ne, amma Inna ta harare ni ta labule. Kuma gaskiya, Yaya, ba ƙarya yake yi ba. Yana da baki goma sha da ke jiran masarar nan. Abin da ya ba ni haushi shi ne ya fi ni gaskiya, kuma ɗan'uwana ne za a biya da shi.

Da aka zo kan wa zai gyara, sai kowa ya tuna da ni. Shekarun nan ina koyar da kimiyya a makarantar 'yanmata a Funtua, dattawan garin nan suna ce mini malamar wayoyi, suna tambayar Inna ko karatun ya koya mini tuwo. Ranar kuwa na zama injiniya. Na zo duba Inna ne kawai na hutun makaranta, sai ga ni a tsakiyar zaure jiya Talata, an shimfiɗa mini tabarma, dattawa sun zagaye ni, Malam Liman da ladansa a gefe, Almu a bakin ƙofa wai ya zo ganin ilimi. Uwais ya jingina da bango ya rungume jita.

Aikin ba wuya. Na cire batir, na bari wutar da ke maƙale a ciki ta sauka, na kwance sukurorin baya na zaro cikin. Na tarar da gidan zanzaro da busasshiyar tsaka, Baba Rabo ya ce wataƙila ma ita ce ta riƙe muryar. Maɓallin da ake gani a waje hula ce kawai. Ainihin abin yana ciki, ɗan gwangwani mai ƙafa uku da aka liƙe da dalma, da ƙarfen da ya leƙo waje wanda ya karye. Ba wuta a gari, don haka na sa aka kawo mini gawayi a kasko, na dasa babbar ƙusa a icen muciya, na gasa bakinta har ya yi ja. Da ita na narka tsohuwar dalma ƙafa bayan ƙafa, na kwance notin da ya riƙe shi a fuskar amfi, na cire mataccen na ajiye a kan tabarma. Inna ta aiko aka ɗauke mata shi. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, har yanzu yana nan.

Ba zan ɓoye maka ba, lokacin da nake riƙe da ƙusar nan na yi tunani. Ɗigon dalma ɗaya a inda bai kamata ba, amfi ta yi hayaƙi, a ce Allah bai nufa ba. Na ɗaga kai na ga Almu ya bar bakin ƙofa ya tsuguna dab da kaskon, yana bin hannuna da ido. Bai san ƙafar da ke zuwa ina ba, amma ya san hannun da ke rawa, kuma irinsa ba ya buƙatar hujja. Sai na yi aikin yadda ake yinsa. Na zura sabon, na daidaita ƙafafun, na liƙe su tsaf, na ɗaure noti, na juya ƙarfen zuwa ƙasa sannan na ɗora hular yadda farin layinta zai kalli sifili. Na murɗa, ya tafi sumul. Ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin kunyar aikina haka ba.

Saura gwaji. Kowa ya juya wajen Uwais da jitarsa. Sai na kalli inuwa na ce ai azahar ta yi, bai dace a fara da kiɗa a gaban Malam Liman ba, ga makirufo, ladan ya gwada mana da kiran sallah, tunda lasifikar masallaci ta mutu tun bara, da maƙogwaro yake fama. Wa zai ce a'a? Tsohon ya karɓa, na murɗa maɓallinka har ƙarshe. Yaya, tantabaru sun watse daga kan rumbu. Muryar ta tsallake gari, ta bi ta kan masara, ta daki duwatsun bakin daji ta dawo mana. Ladan da kansa ya firgita, ya kusa mantawa da abin da ke biye.

Yana sauke murya, Inna ta yi magana daga bayan ƙofa, da irin muryar da take kiran kaji, yadda har na waje za su ji. Ta ce abin da ya kira sunan Allah a gabanta ba zai koma kiɗan biki ba tana raye. Ta ce akwatin na ɗanta Abdulgafar ne, shi ya saya, kuma ya ce a ba masallaci sadaka, ladan sadakar ya je ga mahaifinsu da ke kabari, ga shi ta miƙa a gaban shaidu. Ba zan ce maka ba mu tattauna ba da safe muna wanke-wanke. Amma maganar shaidu tata ce, ta ce a wajen Zailani ta koya.

Da ka ga fuskar Malam Liman. Ba wanda ya taɓa karɓar sadaka da irin wannan baƙin cikin. Amma limami ba ya ƙin sadakar mamaci a gaban jama'a, kuma shi ya yi wa Babanmu wanka da hannunsa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, gajera ƙwarai, aka shafa. Baba Rabo ya shafa tare da kowa, sannan ya tuna yana fushi. Almu ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya ce masha Allah, Hajiya ta yi dabara, wato ta yi sadaka. Ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har da ni.

Mun ɗauka mun sayi kaka guda. Yini ɗaya muka saya. Yau da hantsi ya dawo, fuska a sake. Ya ce sun ji kiran sallah tas, har wasunsu sun yi, suna godiya. Sun ce abin masallaci na masallaci ne, su ma Musulmi ne, Uwais ya zo da jitarsa haka nan ranar Juma'a, za a yi shiru a saurare shi. Sannan ya sunkuyar da murya kamar mai kawo albishir, ya ce maigida ya tambayi wa ya yi gyaran. Da aka ce mace ce, ya yi dariya ya ce ashe akwai irinsu. Wai suna da rediyon oba-oba da yawa da suka daina magana, da solar da ba ta caji, in Malama za ta rako ƙanenta ta duba musu, ba za a ɓata mata lokaci ba. Ya zaro goro a ganye ya miƙo. Wannan karon Inna ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi, ta ce haƙorinta na ciwo. Ya ajiye shi a kan dakalin zaure ya tafi. Yana nan inda ya bar shi, ko kaji an hana su kusanta.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wanda zai miƙa maka takardar nan Uwais ne. Kada ka yi masa faɗa, kada ka tambaye shi jita, mun bar ta rataye a ɗakinsa da taga a buɗe yadda mai leƙe zai gan ta. Ka sama masa abin yi a shagonka, ko ɗaukar kaya ne. Na biyu, duk wanda ya kira ka daga nan, ko Baba Rabo ne, ka ce e, kai ka ba da amfi sadaka, tun tuni ka yi niyya. Ka yi niyyar yanzu kana karantawa, don maganar Inna ta zama gaskiya. Na uku, don Allah kada ka sake aiko da komai. Ko allura ce, ka tambaye ni tukuna.

Abin da gari ya sani shi ne gwiwar Inna ta tashi, za mu kai ta asibiti Funtua, Uwais zai riƙe ta a mota. Zailani ne zai kai mu. Tun da ya ji abin da shelarsa ta jawo bai ƙara ɗaga murya ba, ya zo ɗazu ya tsuguna gaban Inna ya nemi gafara cikin raɗa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Inna za ta zauna a wurina, maigidana Baban Halimatu ya riga ya sa an share mata ɗaki. Awaki na wajen Mero. Abin da zai biyo bayan Juma'a ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa mun bar mutane cikin aminci ba. Ka sa garin nan a addu'a, da Malam Liman, da masara.

Ka gaishe mini da Anti Hamida, ka ce na ga hoton ɗinkin, ya yi kyau. Ka shafa mini kan Fatimatuzzahra da Abubakar Sadiq, ka ce baffansu zai koya musu waƙa in ya huta. Inna na gaishe ku, ta ce ka ci abinci, ta ce kuma ba ta riƙe ka da komai ba. Mero ma na gaisuwa.

Wannan na ƙarasa shi ne a cikin mota, Zailani na ɗaure but. Da na fito da jakar Inna, Baba Rabo ya dube ta, ya dubi tukunyar da ke leƙowa daga ciki, ya daina magana. Bai tambayi me tukunya za ta yi a asibiti ba. Ya tashi ya riƙe mini ƙyauren zaure, na tsallake goron, ya ja ƙofar da kansa har ta yi ƙara, na sa kwaɗo na miƙa masa makulli. Ya ce mu bi ta Sheme, kada mu tsaya shan mai. Ya ce in gaya maka masarar bana ba a taɓa yin irinta ba. Ladan ya fara kiran azahar, kuma Yaya, maɓallinka yana aiki. Ana ji har daji.

Taka ƙanwa,
Shafa'atu